Hoton Bathurst da Siffar Bello: Hanyoyi Biyu na Adana Kamannin Manya

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Maganar tana da ƙarfi a kasuwa da gaban alƙali, amma ɗalibin tarihi yana bukatar ya sa mata sharaɗi, domin abin da ido ya gani a takarda wani ne ya zaɓa ya nuna masa. Wannan lacca za ta ɗauki wani tsohon hoto da aka buga a Landan cikin shekarar 1810, na wani basaraken Ingila mai suna Henry Bathurst. Za a yi bayanin yadda ake yin irin wannan hoto da dalilin yin sa, sa'an nan a gwama shi da hanyar da malaman Sakkwato suka bi wajen adana kamannin nasu shugabannin.

Dalilin zaɓen Bathurst kuwa shi ne, daga ofishinsa ne aka turo Baturen nan Hugh Clapperton har sau biyu zuwa ƙasar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake a Wurno. Bathurst bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk mai son ganin fuskarsa zai gani. Bello kuwa, wanda ya yi shekara 20 yana mulkin Daular Usmaniyya, babu wani hotonsa da aka yi yana da rai.

2. Wane ne Bathurst?

An haifi Henry Bathurst a 1762, ya rasu a 1834. Sarautun gado na Ingila hawa biyar ne, kuma tasa, watau Earl, ita ce ta uku daga sama. Kakansa ne ya fara riƙe ta a 1772, shi kuma ya gaje ta daga mahaifinsa a 1794. A can babban ɗa namiji ke gadon sarauta kai tsaye, ba kamar ƙasar Hausa ba, inda masu zaɓen sarki kan zauna su fid da guda daga cikin 'ya'yan sarauta. Gidansu na gado yana garin Cirencester.

Daga 1812 zuwa 1827 shi ne Sakataren Yaƙi da Ƙasashen Mallaka na Birtaniya. A hannunsa amanar tsare Napoleon a tsibirin Saint Helena take. Da sunansa aka kira garin da Ingilishi suka kafa a bakin kogin Gambiya a 1816, garin da aka sauya wa suna zuwa Banjul a 1973.

Hoton da ake magana a kai ya riga wannan babban muƙami. Thomas Phillips ne ya fara zana Bathurst da fenti, Henry Meyer ya sassaƙa surar a kan allon ƙarfe, aka buga ta a 1810 cikin jerin hotunan mashahuran mutanen zamanin. A lokacin Bathurst yana shugabancin hukumar ciniki ta gwamnati. A nan ƙasar kuwa shekara biyu ke nan da cin Alƙalawa, kuma Bello bai daɗe da kafa garin Sakkwato ba.

3. Yadda ake yin hoton sassaƙa

Kafin bayyanar hoton kyamara a 1839, babu hanyar yawaita surar mutum sai ta ɗab'i. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, yana rataye a gidan mai shi, ba mai ganin sa sai wanda aka shigar da shi ciki. In ana son jama'a su gani, sai a kai wa masassaƙin allo.

Wanda ya taɓa ganin mai zanen ƙwarya yana aiki, ko maƙeran tasa na Bida, ya riga ya san rabin sana'ar. Akan sami allon jan ƙarfe a goge shi har ya yi sheƙi. Masassaƙi ya riƙe wani ɗan ƙarfe mai tsini yana tura shi a kan allon, yana fitar da siraran layuka. Inda ake son duhu sai a zurfafa layukan a matsa su kusa da juna, inda ake son haske sai a bar fili. Idan an gama sai a shafe allon da tawada mai kauri, a goge samansa sarai, tawada ta saura a cikin ramukan kaɗai. Daga nan a ɗora takarda mai danshi, a bi ta kai da injin matsa. Takardar takan shiga ramukan ta tsotso tawadar, shi ya sa zanen yakan ɗan taso, yatsa na iya jin sa. Gefen allon ma yakan bar shaida a jikin takardar, kuma wannan shaida tana cikin alamomin da ake duba asalin hoto da su.

Akwai wani abin lura. Duk abin da aka sassaƙa a dama, a hagu zai fito, kamar dai hatimin sarki. Tilas ne masassaƙi ya yi aikinsa a juye, har da rubutun.

Sana'ar tana da rassa. Akwai ta layi, wadda aka bayyana. Akwai wadda ake shafe allo da kaki, a karce zanen da allura, a zuba ruwa mai cin ƙarfe ya ci wuraren da aka karce. Akwai wadda ake fara kaushe allon duka yadda zai buga baƙi ƙirin, sa'an nan a riƙa kankare wuraren da ake son haske. Wani Bajamushe, Ludwig von Siegen, ya ƙaga ta a 1642, amma Ingilishi suka ƙware a kanta har Faransawa suka riƙa kiran ta salon Ingila. Akwai kuma ta ɗige-ɗige, inda ake gina fuska da dubban ƙananan ɗigo maimakon layi, domin fata ta fito da laushi. Da wannan ta ƙarshe Meyer ya yi hoton Bathurst.

Jan ƙarfe yana da taushi, saboda haka bayan bugu 'yan ɗaruruwa allon yakan fara lalacewa, hoton ya dusashe. Wajen 1820 aka koma ga allon ƙarfe mai tauri, wanda ke ba da dubbai. Wannan ya sa hotuna suka yi araha, suka cika littattafai.

Abin da ya fi amfani ga mai nazari shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Bisa al'ada sunan mai zanen asali yakan zo a hagu, sau da yawa da kalmar Latin pinxit, watau shi ya zana. Sunan masassaƙi yakan zo a dama da kalmar sculpsit, watau shi ya sassaƙa. A tsakiya sai sunan mai hoton da laƙabansa. Wata doka da majalisar Ingila ta yi a 1735 ta ce duk mai son a kare masa haƙƙin hotonsa sai ya sassaƙa sunansa da ranar bugu a jikin allon. Ke nan kowane hoto yana ɗauke da nasa isnadi, kamar yadda almajiri ke lissafa malaman da karatu ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi.

To, me ya sa manyan Ingila suka damu da wannan? Hoto shaidar asali ce da muƙami. Basarake ya kan zauna a zana shi cikin shigar da ya zaɓa, mai zane kuma ya san wanda zai biya shi, don haka ba ya fito da abin da zai ɓata rai. A 1769 wani limamin coci, James Granger, ya wallafa tarihin Ingila wanda ya kasa mutanen da ke da irin waɗannan hotuna aji 12, daga sarakuna zuwa talakawa, kuma tara su ya zama abin yayi a gidajen masu hali. A taƙaice, hoton basarake kirari ne da aka yi da tawada, kuma ba a sa aibi a kirari.

4. Abin da ya haɗa Bathurst da Bello

A zamanin Bathurst Turawa ba su san inda kogin Kwara ya faɗa ba. Gwamnatin Birtaniya tana son sanin haka saboda ciniki, tana kuma neman sarakunan da za ta ƙulla yarjejeniya da su a kan hana fitar da bayi, bayan ta haramta wa mutanenta wannan fatauci a 1807. Sai aka turo mutum uku ta hanyar Tarabulus: Walter Oudney da Dixon Denham da Hugh Clapperton. Sun iso Kukawa cikin Fabrairu 1823. Oudney ya rasu kusa da Katagum cikin Janairu 1824, Clapperton ya wuce Kano, ya iso Sakkwato cikin Maris. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya sauke shi.

Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a nan, ya tarar da sarki malami. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kirista na dā har ya rasa amsa. Sun yi magana a kan ciniki da bayi, Bello ya nemi a aiko masa da jakada da likita, ya kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. Wannan wasiƙa ce ta sa Bathurst ya sake turo shi a 1825, wannan karon ta bakin teku, daga Badagry.

Zuwa na biyu bai yi daɗi ba. Cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello kuwa ya yi murna da shi, ya ce gidansu na da irinsa da aka kawo daga Makka amma gobara ta cinye shi. Sai dai a ƙarshen 1826 Sakkwato da Barno suna cikin yaƙi, rundunar Shehu Laminu tana dosar Kano. Ga shi kuma Clapperton yana ɗauke da kaya, har da makamai, da wasiƙar da Bathurst ya rubuta wa Shehun Barno. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe wasiƙar da kayan. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana ne. Amma babu sarkin da zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da makamai zuwa ga wanda yake yaƙar sa, balle an riga an ji a Sakkwato yadda Ingilishi suka shiga ƙasar Hindu da sunan ciniki suka ƙare da mulki.

Wani sashe na wannan zama an yi shi ne a Magariya, ribaɗin Bello da ke kusa da Wurno. Clapperton ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye bayan gari. A cikin wannan wata ne kuma Bathurst ya sauka daga muƙaminsa. Bayan haka Bello ya mai da Wurno mazauninsa, yana tsaron kwarin Rima daga hare-haren Gobirawa, kuma a can ya rasu cikin Oktoba 1837.

5. Abin da allo ya ɗauka da abin da ya bari

A 1826 kamfanin John Murray ya buga labarin tafiyar farko, aka sadaukar da littafin ga Bathurst. Duba hotunan da ke cikinsa yana koyar da abubuwa uku.

Na farko, hoton da ya buɗe littafin na Shehu Laminu ne. Denham, wanda soja ne, shi ya yi zanen farko, sa'an nan Edward Finden ya sassaƙa shi a Landan. Finden bai taɓa ganin Barno ba. Duk inda zanen Denham ya gaza, masassaƙi ne zai cike da abin da hannunsa ya saba. Saboda haka hoton shaida ce mai daraja a kan shiga da zama, amma a kan ainihin fuska sai a karɓe shi da taka-tsantsan.

Na biyu, babu hoton Bello. Abin da aka sassaƙa daga fadarsa shi ne taswirar ƙasashen Sudan da aka ba Clapperton, tare da fassarar wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri. Watau abin da ya isa allon Landan daga Bello iliminsa ne.

Na uku, kamannin Bello sun shiga littafin, amma da kalmomi. Clapperton ya siffanta shi da cewa mutum ne mai kwarjini, ɗan shekara 44 amma bai nuna ba, tsawonsa ƙafa 5 da inci 10, mai jiki, mai gajeren gemu baƙi da manyan idanu, sanye da riga shuɗiya da farin rawani wanda amawalinsa ya rufe baki da hanci. Wannan bayani na ƙarshe abin lura ne, domin ko da mai zane ya zauna gabansa, rabin fuska kawai zai samu. Basaraken Ingila yana nuna girmansa da bayyana fuska. Na ƙasar Hausa kuwa da amawali yake nuna nasa.

Shi kansa Clapperton, Gildon Manton ya zana shi, Thomas Lupton ya sassaƙa, aka sa a farkon littafin tafiyarsa ta biyu a 1829. Haka abin ya ci gaba. Da Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, littafinsa ya fito da taswirar garin, amma sarkin da kalmomi ya siffanta shi.

6. Siffa da kalma

Kada a ɗauka rashin hoto rashin kula ne da tarihi. Malaman Musulunci sun ƙyamaci yin surar abu mai rai, musamman ta shugaba ko waliyyi, don gudun kada girmamawa ta zarce iyaka. A madadin haka suna da wani fanni na daban, watau siffantawa. Tushensa littattafan Shama'ilu ne, irin na Imamu Tirmizi, waɗanda suka tattara siffofin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na jiki da na hali, kowace da isnadinta.

Mutanen Shehu sun bi wannan hanya. Waziri Giɗaɗo, wanda ya sauke Clapperton, ya rubuta Raulul Jinani a kan Shehu Usmanu da jama'arsa, ya kuma rubuta Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Matarsa Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ta yi masa marsiyya, ta kuma yi wata waƙa da Fulatanci mai suna Gikku Bello, watau halin Bello. Abin da irin waɗannan rubuce-rubuce suke adanawa shi ne ilimin shugaba da adalcinsa da gudun duniyarsa da yadda ya riƙe jama'a. Manufarsu kuwa a yi koyi. Mai kallon hoton Bathurst ba zai iya zama Bathurst ba, tun da sarautar ta gado ce. Amma mai sauraron halin Bello ana kiran sa ne ya ɗauki wani abu ya yi aiki da shi. Da ma Bahaushe ya ce hali zanen dutse.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ita ma wannan hanya tana da nata zaɓe. Marsiyya ba ta lissafa kurakurai, kamar yadda mai fenti ba ya fito da tabo. Giɗaɗo wazirin Bello ne kuma surukin gidan, Clapperton kuwa baƙo ne mai bukata, wanda ya yaba da aka karɓe shi, ya yi suka da aka hana shi hanya. Ɗalibi ba zai sami Bello na gaskiya ba sai ya jera waɗannan shaidu, ya haɗa da wasiƙu da littattafan Bello na kansa, ya san inda kowane mai shaida yake tsaye.

7. Daga Rabah zuwa takardar kuɗi

Sana'ar Meyer da Finden ta mutu a littattafai bayan da kyamara ta yi ƙarfi, amma ta rayu a takardun kuɗi, domin zanen da ya taso yana da wuyar kwaikwayo ga masu jabu. A Nijeriya an fara sa fuskar ɗan ƙasa a kuɗi a 1977, da naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed. A shekarar 2000 aka fito da naira 200 mai hoton Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

A Rabah aka haifi Sardauna. Mahaifinsa Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah ne, shi kuma ɗan Muhammadu Bello. Ya zama hakimin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, Firimiyan Jihar Arewa a 1954, har zuwa kisansa ran 15 ga Janairu 1966. Ashe irin hoton da aka yi wa Bathurst, wanda ba a yi wa Bello ba, an yi wa tattaɓa-kunnen Bello. Manomin da ya sayar da albasa a Goronyo ko tafarnuwa a Wurno aka biya shi da wannan takarda, in ya duba fuskar da kyau zai ga layuka ne da ɗige-ɗige, in ya shafa kuma zai ji tudun tawada.

8. Kammalawa

Yau hotuna sun yi yawa. A kalanda da bangon littattafan makaranta da intanet akan ga surar wani dattijo mai rawani an rubuta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Muhammadu Bello a ƙasa. Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837, duka kafin kyamara. Duk irin wannan sura ƙage ce ta mai zane, ko kuwa hoton wani mutum ne daban aka liƙa masa suna. Ba laifi ba ne mai zane ya yi tunaninsa in ya faɗi cewa tunani ne. Laifin shi ne a ba yara shi a matsayin tarihi.

Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ɗalibi ya yi wa kowane hoto kafin ya kafa hujja da shi. Wa ya yi shi? Yaushe? Ya ga mai hoton da idonsa, ko kuwa kwafa ya yi? Wa ya biya, kuma don me? Hoton Bathurst yana amsa mafi yawan waɗannan da kansa, domin an sassaƙa amsar a ƙarƙashinsa.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa aikin a fili yake. A ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi da gidajen sarauta na Wurno da Rabah da Goronyo akwai tsofaffin hotunan naɗi da rangadi da taro, da yawansu babu suna babu shekara. Dattawan da za su iya cewa wannan wane ne suna ƙarewa. Ya kamata a zauna da su, a rubuta suna da wuri da shekara da sunan mai ɗauka a bayan kowane hoto da fensir, a kuma kai kwafi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna. Haka nan rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke cikin gafaka, su ma a rubuta mai su da wanda ya kwafe su. Hoton da ya rasa isnadi, bayan shekara 50 kowa na iya ba shi sunan da ya ga dama.